Tsohon Cocin Wusasa da Darasin da Ke Cikinsa ga Ɗaliban Hausa

Gabatarwa

Idan malami ya nemi ɗaliban Hausa su kawo misalan kayan tarihin Bahaushe, amsar da za ta fara fitowa ita ce ganuwar Kano, ko hasumiyar Gobarau ta Katsina, ko rijiyar Kusugu ta Daura. Da wuya a sami wanda zai ɗaga hannu ya ambaci coci. Alhali kuwa a Wusasa, wani ɗan gari da ke yamma da birnin Zariya kusa da duwatsun Kufena, akwai tsohon coci mai suna St. Bartholomew, wanda aka gina wajen shekarar 1929 da ƙasa da azara, bisa tsarin ginin gargajiya na Hausa. Mabiya ɗariƙar Angilika ne ke da shi, amma hannun da ya jera tubalinsa da fasahar da ta riƙe rufinsa duk na maginin Hausa ne.

Ra'ayin da nake son in gabatar wa 'yan uwana ɗalibai shi ne, tsofaffin wuraren ibada na ƙasarmu, masallatai ne ko majami'u, suna cikin abubuwan da ya wajaba ɗalibin Hausa ya nazarta kuma ya rubuta. Dalili kuwa, duk ranar da aka rushe ɗaya daga cikinsu ba tare da an rubuta komai a kansa ba, wani yanki na tarihin garin da kuma kalmomin sana'ar gini sun tafi ke nan. Zan fara da yadda mutanen Ingila ke riƙon cocin ƙauyensu, tunda daga can waɗanda suka kafa mishan ɗin Wusasa suka fito, sannan in dawo Zariya, in ƙarasa a gida Potiskum.

Yadda Mutanen Ingila Ke Riƙon Cocin Ƙauyensu

A mafi yawan ƙauyukan Ingila, ginin da ya fi kowane tsufa shi ne coci. Tsarinsa kusan iri ɗaya ne ko'ina: dogon ɗaki inda jama'a ke zama, ƙaramin ɗaki ta gabas inda bagadi yake, baka a tsakanin ɗakunan biyu, hasumiyar ƙararrawa galibi ta yamma, sai maƙabarta da ta kewaye ginin. Wanda ya san kan abin, da ganin siffar bakan ƙofa zai iya kintatar zamanin da aka yi ta. In bakan mai zagaye ne kuma mai kauri, to akasari aikin Normawa ne da suka ci ƙasar a 1066. In kuwa mai tsini ne a sama, to daga ƙarshen ƙarni na 12 ne zuwa gaba.

Misali ɗaya ya isa. A ƙauyen Escomb da ke arewa maso gabashin Ingila akwai ɗan ƙaramin coci da aka gina wajen shekarar 675, da duwatsun da aka kwaso daga kangon wani sansanin Rumawa. A 1863 mutanen ƙauyen suka ga ya yi musu kaɗan, suka gina sabo babba, suka bar tsohon har rufinsa ya fara zubewa. Daga baya masana suka gane darajarsa, aka gyara shi tsakanin 1875 da 1880. Abin mamaki, sabon cocin ne aka rushe a 1971, jama'a suka koma tsohon. Da a ce a 1863 sun rushe tsohon sun ɗora sabon a kan harsashinsa, da yau babu ko ɗaya daga cikin labaran nan.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa sa'a ce kawai ko ƙarfin dutse ya tsare waɗannan gine-gine. Akwai abubuwa uku da suka yi. Na farko, rubutu: tun 1538 hukuma ta umarci kowane coci ya riƙa rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Na biyu, dubawa a kai a kai: tun 1955 doka ta tilasta cewa duk shekara 5 sai masanin gini ya binciki kowane cocin Angilika ya rubuta rahoto a kan rufi da bango da magudanar ruwa. Na uku, hana gyaran ganganci: a 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, saboda sun ga masu gyara na zamaninsu suna ɓata tsofaffin majami'u da sunan ƙawata su. Bugu da ƙari, tsakanin 1951 da 1974 Nikolaus Pevsner ya fitar da littattafai 46 da suka bi gundumomin Ingila ɗaya bayan ɗaya suna bayyana gine-ginensu. Shi Pevsner ɗin haifaffen Jamus ne, Ingilishi ba harshen uwarsa ba ne. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda Aka Kafa Wusasa

A shekarar 1900 wata tawagar ƙungiyar mishan ta CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta isa Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, sai suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A cikinsu akwai wani likita, Dakta Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a birnin Tarabulus kafin ya zo. A 1905 Miller ya sami zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Jama'ar da ta taru gare shi ba baƙi ba ne daga kudu. Hausawa ne da Fulani, ciki har da wasu daga zuriyar Isawa, wato almajiran wani malami da suka ba Annabi Isa (AS) matsayi na musamman tun kafin zuwan Turawa. A ƙarshen shekarun 1920 aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, lokacin da wani matashin fasto mai suna Guy Bullen ke cikin masu jan ragamar aikin. A can aka gina coci da makaranta da asibitin St. Luke.

Abin lura shi ne zaɓin da aka yi wajen ginin. A Legas da sauran garuruwan kudu, 'yan mishan sun fi kwaikwayon cocin ƙasarsu, da bulo da tagogi masu tsini. A Wusasa kuwa sai aka bar maginin ƙasar Zazzau ya yi abin da ya gada. Buƙatar ita ce a sami ɗaki mai faɗi da zai ɗauki jama'a, shi kuwa maginin Hausa ya daɗe da warware wannan matsala a fadoji da masallatai. Saboda haka wanda ya saba shiga zaurukan sarakuna, in ya shiga tsohon cocin, idonsa ba zai yi baƙunta ba.

Alaƙar wurin da fagen karatunmu ba ta tsaya ga gini ba. Miller ne jagoran fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932, wadda tana cikin manyan rubuce-rubucen boko na farko. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a zamanin gasar ƙagaggun labarai ta 1933, mutumin Wusasa ne. Daga wannan al'umma aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a can ya tashi. To ashe ɗalibin da ya karanta Jiki Magayi don jarrabawa, amma bai san komai game da garin da marubucin ya fito ba, karatunsa da saura.

Kalmomin da Ke Jikin Ginin

Mu ɗaliban harshe ne, saboda haka bari mu dubi ginin ta fuskar kalmomi. Magini kan fara da neman birji, a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. Daga nan a yi tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Bango kan fara da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake tashi. Wannan kauri ne ke sa cikin ɗaki ya yi sanyi da rana, ya kuma riƙe ɗumi a daren hunturu.

Rufi kuwa aikin azara ne, wato faskararren itacen giginya, wanda gara ba ta cika cin sa ba. Sai dai azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar mita 2. To yaya aka yi ake samun zaure mai faɗi? A nan gwanintar take. Magini kan dasa azara cikin bango ta leƙo kaɗan, ya ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, daki-daki daga bangon nan da wancan har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Wannan shi ne baka. Wanda ya ratsa ɗaki daga bango zuwa bango shi ake kira bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi, an yi ɗaurin guga ke nan, kuma a kansa ake ɗora tulluwa. A waje akwai rawani da ya kewaye saman bango, da zanko a kusurwa, da indararo mai fitar da ruwan sama nesa da jikin gini. Don kare bango daga damina ana shafa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Rufi kuma ana yi masa laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato abin da ya kwanta a gindin rijiyar marina, da gashin awaki da dafara.

A cikin waɗannan sakin layi biyu kaɗai akwai kalmomi fiye da 10 da ɗalibai da yawa ba su taɓa furtawa ba. Wasunsu suna nan cikin ƙamusun Bargery na 1934, amma kalmar da ta rage a ƙamus kaɗai, babu mai nuna maka abin da take nufi da yatsa, ta kusa mutuwa. A lura kuma da yadda sana'o'in ke riƙe da juna. In marina ta mutu babu katsi, in babu katsi babu laso, in babu laso rufin soro zai yi yoyo, mai gida kuma ya nemi kwano. Ta haka rasa sana'a ɗaya ke jan kalmomin wata sana'a zuwa kabari.

Masallacin Zariya da Hujjar Masu Cewa a Rushe

Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ake kuma kira Malam Mika'ilu. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabon gini na siminti. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin ya rufta ana cikin sallar La'asar, mutane da dama suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙan su da rahama.

Dole a tsaya a nan a saurari masu wani ra'ayi. Cewa suke yi ran mutum ɗaya ya fi kowane ginin tarihi daraja, kuma ginin ƙasa ya yi zamaninsa ya wuce. Maganarsu ta farko gaskiya ce da babu mai ja da ita. Ta biyun ce nake da ja a kai. Kafafen yaɗa labarai sun ruwaito fadar Zazzau tana cewa an ga tsagewa a bangon kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana cikin shirin kawo masu gyara. Wannan na nuna cewa ginin ƙasa kan ba da alama kafin ya faɗi, abin da ake buƙata shi ne tsarin da zai riƙa neman alamar tun da wuri, irin dubawar shekara 5 da muka gani a Ingila. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani. Kuma kowa ya san benayen siminti nawa suka rufta a biranen ƙasar nan ba su ko shekara 10 ba. Gini kowane iri ne, kulawa yake so.

Ba sai mun je Turai neman shaida ba. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin ƙasa da aka sake ginawa a 1907 yana samun yaɓe duk shekara, gari gaba ɗaya ke fitowa aikin gayya. A Agadas, hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 na cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, wani magini Bahaushe mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Dandaji, shi ma a ƙasar Nijar. Da tsohon masallacinsu ya yi musu kaɗan, sai aka gyara shi aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji. An kammala aikin a 2018. Jama'a sun sami faɗin da suke so, tsohon gini kuma bai salwanta ba.

Hujja ta biyu da na san za a kawo ita ce ta addini: me ya haɗa ɗalibi Musulmi da nazarin coci, ko ɗalibi Kirista da auna bangon masallaci? Amsata ita ce, nazarin gini daban, ibada daban. A ajinmu Musulmi da Kirista muna karanta waƙoƙin masu jihadi na ƙarni na 19, muna nazarin bori da tsafe-tsafen Maguzawa a darasin al'ada, muna buɗe ƙamusun Bargery wanda shi kansa ɗan mishan ne, babu wanda imaninsa ya girgiza. Hasali ma mutumin da ya auna Masallacin Zariya ya zana shi dalla-dalla, Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan ne. Albarkacin aikinsa aka gina kwafin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, kuma littafinsa mai juzu'i 3 ya fito a 1990. Bayan ruftawar 2023, darajar wannan awo da zane ta fito fili. In baƙo daga Folan ya yi mana wannan, mu 'yan gida wane uzuri gare mu?

Mu Dawo Gida Potiskum

Wani zai ce ai wannan zancen mutanen Zazzau ne, mu a Yobe ba mu da Babban Gwani. To amma ba sai gini ya shahara ba kafin ya cancanci a rubuta shi. Cocin Escomb ɗan ƙarami ne a ƙauyen da ba kowa ya san shi ba.

Potiskum gari ne da tarihinsa na zamani bai yi nisan da za a ce ya ɓace ba. A 1924 ne masarautar Fika ta baro garin Fika ta dawo da hedikwatarta Potiskum. Wannan na nufin akwai tsohon mazauni da aka bari a can, akwai kuma sababbin gine-ginen da aka fara a nan, kuma har yanzu akwai dattawan da iyayensu suka ga wannan ƙaura da idonsu. Garin ya haɗa Ngizim da Karekare da Bolewa da Ngamo da Fulani da Barebari da Hausawa, ga kuma baƙin da kasuwar shanu da babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri suka jawo. Kowace unguwa da masallacinta, kowace ɗariƙar Kirista da majami'arta. Tambayata ga 'yan uwana ɗalibai 'yan wannan yanki ita ce: mu nawa ne za mu iya faɗin shekarar da aka fara gina masallacin unguwarmu, da wanda ya ba da filin, da maginin da ya yi aikin, da jerin limaman da suka ja salla a ciki? Mu nawa za mu iya yin haka game da cocin da iyayenmu suka yi aure a ciki?

Abin da muke gani a garuruwanmu shi ne, da zarar wani mai hali ya yi niyyar sadaka, sai a wayi gari an baje tsohon masallaci a yini ɗaya, a ɗora na bulo da kwano. Niyyar mai kyau ce, Allah Ya ba da lada. Amma sau da yawa ko hoto ɗaya ba a ɗauka, balle a tambayi tsohon da ya san wanda ya gina na farkon. Ga kuma darasin da tashin hankalin shekarun 2012 zuwa 2015 ya koya mana a Potiskum, lokacin da hare-hare suka shafi kasuwa da makaranta da wuraren ibada. Mun ga cewa gini na iya tafiya cikin dare ɗaya, abin da aka rubuta aka adana a wurare daban-daban shi ne ke saura.

A nan zan dawo kan zancen Pevsner. Da yawa daga cikinmu da wani harshen muka buɗi baki a gida, a layi da kasuwa da makaranta muka koyi Hausa. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin naƙasu, su ce nazarin al'adun Hausa sai ɗan Kano ko ɗan Sakkwato. Ni kuwa a wannan aiki ina ganin riba ce. Wanda ya tashi da harshe biyu shi ne zai iya tambayar tsohon magini sunan kowane sashe na ɗaki da Hausa, ya sake tambayarsa da Bolanci ko Ngizimanci, ya gano wace kalma aka ara, wace ce ta gida, wane sashe ne yake da suna a wannan harshe amma babu a wancan. Kuma an riga an share mana hanya. Marigayi Farfesa Russell Schuh ya yi bincike a Potiskum har ya fitar da ƙamusun Ngizim a 1981. Daga baya, shi da Dakta Alhaji Maina Gimba da wasu 'yan ƙasa suka fitar da ƙamusoshin harsunan Yobe masu fassarar Hausa da Ingilishi a 2004, aka sake buga su a 2009. Abin da ya rage shi ne a ɗauki fanni ɗaya, kamar gini, a zurfafa a cikinsa.

Shawarwari

Na farko, ina roƙon malamanmu su ƙarfafa wa ɗaliban ajin ƙarshe gwiwar ɗaukar gini ɗaya tak a matsayin batun kundin digiri. Maimakon a yi ta maimaita jigo da salo a littafin da aka riga aka nazarta sau da dama, ɗalibi ya rubuta tarihi da fasalin masallacin Juma'a na garinsu, ko cocin farko da aka gina a ƙaramar hukumarsu.

Na biyu, sashe ya tsara takardar tambayoyi guda ɗaya da kowa zai bi: shekarar gini, wanda ya sa aka yi, sunan magini da inda ya koyi sana'a, kayan da aka yi amfani da su, tsawo da faɗi, sunan kowane sashe da Hausa da harshen wurin, gyare-gyaren da aka yi da shekarunsu, da jerin limamai ko fastoci. Igiyar awo da wayar hannu mai ɗaukar hoto da murya sun wadatar. In ɗalibai 10 suka yi haka duk shekara, cikin shekara 10 sashe na da bayanin gini 100.

Na uku, a nemi Sarkin Magina na kowane gari da tsofaffin da suka yi aiki da tubali da azara, a naɗi muryarsu suna bayani a gaban ginin kansa. A je musu da ladabi da goro, ta hannun mai unguwa. Waɗannan dattawa ba za su jira mu ba.

Na huɗu, ƙungiyar ɗaliban Hausa ta shirya ziyarar ilimi. A hanyarmu akwai Gidan Madaki na Kafin Madaki a jihar Bauci, wanda ake danganta gininsa ga Babban Gwani, ga gidan tarihi na Jos, ga Gidan Makama a Kano, ga Zariya da Wusasa. A nemi izinin masu wurin tukuna, a kuma kiyaye ladubban kowane wurin ibada. Gani ya kori ji.

Na biyar, kira ne ga kwamitocin masallatai da na majami'u. In fili ya samu, a gina sabo a gefe a bar tsohon, ya zama makarantar allo ko ɗakin karatu ko wurin taro. In babu makawa sai an rushe, a ba ɗalibai ko da mako ɗaya su auna su ɗauki hoto. Sannan kowace shekara kafin faɗuwar damina a kira magini ya duba rufi da indararo da gindin bango, a rubuta abin da ya gani a littafi.

Kammalawa

Wannan rubutu ya yi ƙoƙarin nuna cewa abin da ya raya cocin ƙauyen Ingila shi ne rubutu da dubawa da hana gyaran ganganci, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ya fi ƙarfinmu. Ya nuna cewa tsohon cocin Wusasa da Masallacin Zariya sun fito ne daga hannun magina masu gado ɗaya, kuma kalmomin wannan gado suna hannunmu amana. Ba cewa nake yi kowa ya koma ɗakin ƙasa ba, ko a bar jama'a su yi ibada ƙarƙashin rufin da ke barazana ga rayukansu. Abin da nake cewa shi ne a rubuta kafin a rushe, in kuma da hali a gyara maimakon a rushe. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Ranar ginin ta wuce mu, amma ranar rubutun ba ta wuce ba tukuna. Hutun zango na tafe, kowa zai koma garinsu. Ina fatan kowannenmu zai dawo da shafi ko da biyu ne a kan wurin ibada mafi tsufa a unguwarsu, mu ga an buga su a fitowa ta gaba ta wannan mujalla. Allah Ya sa mu dace, amin.